Shin da gaske shuka tana iya kare kanta daga cuta?

Tambaya daga wani sarkin noma a yankin Kadawa, jihar Kano: Bana wani mai sayar da maganin feshi ya zo mana da wani ruwa a kwalba, ya ce wannan ba ya kashe ƙwaro kuma ba ya kashe cuta, aikinsa kawai ya tayar da garkuwar jikin shuka ta yi faɗan da kanta, kuma wai daga ɓawon jatan lande aka haɗa shi. Manomanmu na tumatir da shinkafa sun sa ni gaba da tambaya. Shin shukar da ba ta da jini tana da garkuwa? Idan haka ne, za mu iya ajiye maganin feshin da muka saba saye mu koma wa wannan?

Amsa:

Ranka ya daɗe Sarkin Noma, tambayarka guda biyu ce a haɗe, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Ta farko, shuka tana da garkuwa, wannan magana ce tabbatacciya wadda masana suka shafe fiye da shekara 50 suna bin diddiginta, har sun gano abubuwan da ke tayar da ita da hanyoyin da saƙon yake bi a cikin jikin shukar. Ta biyu kuwa, wato ajiye maganin feshi baki ɗaya saboda irin wannan ruwa, ba zan ba ka wannan shawara ba, kuma duk wanda ya ba manomi ita ya ɗora shi a kan hanyar asara. Domin ka samu abin da za ka faɗa wa mutanenka da hujja, sai mun fara daga inda abin yake farawa, wato daga bangon da ke kewaye da kowace ƙwayar halitta ta shuka.

Mutum da dabba suna da jini mai zagayawa, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne su bi cuta duk inda ta shiga su yaƙe ta. Shuka ba ta da wannan. Ƙwayoyin halittarta a kafe suke wuri ɗaya, babu wadda ke barin mazauninta ta kai wa wata ɗauki, saboda haka Allah ya hore wa kowace ɗaya abin da za ta gane maƙiyi da shi da abin da za ta tare shi da shi. Kowace ƙwaya tana cikin bango siriri ƙwarai, ido ba ya ganinsa sai da madubin ƙara girma na ɗakin bincike, amma kayan da aka gina shi da su ka san su sarai. Zaren auduga kusan dukkansa seliloz ne, kimanin kashi 90 cikin 100, kuma shi ne ƙashin bangon. Yauƙin kuɓewa daga dangin fektin yake, wanda shi ne ke cike tsakanin zaruruwan, yana riƙe ruwa, yana kuma manne ƙwaya da maƙwabciyarta. Taurin karan dawa bayan ya ƙosa, wanda ya sa ake yin danga da shi ta shekara ba ta zube ba, daga lignin yake zuwa. Akwai kuma hemiseliloz mai ɗaure zaruruwan seliloz, da furotin iri-iri da ke warwatse a cikin bangon.

Duk cutar da ke son cin abin da ke cikin ƙwayar shuka dole ta bi ta kan wannan bango. Wasu narkar da shi suke yi. Idan ka ga albasa ta yi laushi daga wuya tana tsiyayar ruwa mai wari a wurin ajiya, ko tumatirin ƙasan kwando ya zama ruwa tun kafin mota ta tashi daga Kwanar Gafan, aikin bakteriya ne da fumfuna masu fitar da sinadaran da ke yanka fektin, domin da zarar abin da ya manne ƙwayoyin ya narke sai naman ya wargaje su samu abinci a sauƙaƙe. Wasu kuma da ƙarfin tsiya suke shiga. Fumfunar da ke ƙona ganyen shinkafa ta kuma karya wuyan zangarniya, wadda masana ke kira Magnaporthe oryzae, tana kafa wani ɗan ƙullutu a kan ganye, ta tara matsi a cikinsa wanda ya ninka na iskar tayar mota kusan sau 40, sannan ta huda fatar ganyen da wani siririn tsinke. Ƙuduji ma, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yana haɗa hanyoyin biyu ne idan ya kama saiwar dawa ko ta wake: yana sassauta bangon da sinadarai, yana kuma turawa ciki har ya kai ga jijiyoyin da ke ɗauke da ruwa.

An daɗe ana kallon bangon a matsayin shinge kawai, wanda idan ya tsare shi ke nan, idan ya faɗi kuma shuka ta shiga uku. A shekarar 1981 aka samu sauyin fahimta. Ƙungiyar Peter Albersheim a Jami'ar Kolorado ta Amurka ta nuna cewa idan aka farfasa bangon waken soya aka ɗauki gutsattsarin aka sa wa lafiyayyen waken soya, sai ya fara haɗa sinadaran kashe cuta alhali babu wata cuta a wurin. A shekarar dai, ɗakin binciken Clarence Ryan a Jami'ar Jihar Washinton ya nuna cewa gutsattsarin fektin suna sa ganyen tumatir ya haɗa furotin masu hana tsutsa narkar da abin da ta ci. Abin da ya fito fili shi ne shuka tana gane ɓaraguzan jikinta, kuma a wurinta ganinsu alama ce cewa wani yana ɓarna. Misalin abin shi ne ɓarawon da ya zo fasa katangar laka da dare: shi burinsa ya yi rami ya shige, amma ƙasar da ke zubowa daga katangar ita ce ke tayar da mai gida, tun ma bai ga fuskar ɓarawon ba. Wannan ne ya sa tsarin yake da amfani ƙwarai, domin ba sai shuka ta taɓa haɗuwa da wata cuta ba kafin ta gane ta. Duk wanda ya taɓa bangon zai bar alama iri ɗaya.

A nan akwai wani abin lura da nake so ka riƙe, domin shi ne zai bayyana maka dalilin da ya sa ba kowane ruwan ɓawo ne zai yi wannan aiki ba. Fektin doguwar sarƙa ce ta ƙananan gaɓoɓi na sukari. Sarƙar da take cikakkiya ba ta tayar da komai, haka ma idan aka niƙe ta gaɓa ɗaya-ɗaya ƙarfinta ya tafi. Gutsattsarin da suka fi tayar da garkuwa su ne masu gaɓa 10 zuwa 15. Ita fumfuna, maslaharta ita ce ta yi saurin niƙe sarƙar har ƙarshe, ta samu abinci kuma ta goge alamar. Shuka kuwa tana ajiye wani furotin a cikin bangonta, ana taƙaita sunansa da PGIP, wanda ke kama sinadarin yankan da fumfunar ta fitar ya rage masa sauri, ta yadda gutsattsarin masu matsakaicin tsawo za su taru su daɗe har a ji su. Masana a Jami'ar Sapienza ta birnin Rum sun yi shekaru masu yawa suna aiki a kan wannan furotin, kuma na wake yana cikin waɗanda aka fi nazari.

Ba ɓaraguzan jikinta kaɗai shuka ke ganewa ba, tana gane na maƙiyin ma. Fumfuna ita ma tana da bango, kuma a cikinsa akwai kaitin, wanda shi ne dai abin da ke ɓawon fara da na jatan lande, amma babu shi a jikin shuka. Shuka tana fitar da sinadaran da ke gutsuro kaitin daga jikin fumfunar, kuma a kan fatar da ke ƙarƙashin bangon ƙwayarta akwai furotin masu tsinkayar waɗannan gutsattsari. A 2006 masana a Japan suka gano na shinkafa, suka sa masa suna CEBiP, daga baya kuma aka gano abokin aikinsa CERK1. Tun a shekarar 2000 aka gano FLS2, wanda ke tsinkayar wani yanki na jelar da bakteriya ke iyo da ita. Mai tsinkayar gutsattsarin seliloz sai a 2022 aka bayyana shi, abin da ke nuna maka cewa fagen har yanzu sabo ne. Na gutsattsarin fektin kuwa, a 2010 an danganta aikin ga wani furotin mai suna WAK1, amma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa shukar da aka cire mata shi da 'yan uwansa tana ci gaba da jin gutsattsarin, saboda haka masana suna ci gaba da neman sauran masu wannan aiki. Wanda ya fi burge ni a cikinsu duka a jikin wakenmu aka same shi. A 2006 an nuna cewa idan tsutsar nan mai cin masara, wadda ta bayyana a Najeriya a 2016, ta ci ganyen wake, wani furotin na ganyen yana narkewa a cikinta, guntunsa ya dawo cikin yawunta, kuma waken yana gane wannan guntu a bakin raunin ya san cewa tsutsa ce ke cinsa, ba iska ce ta yaga shi ba. A 2020 aka gano furotin ɗin da ke wannan tsinkaye a jikin waken.

Da zarar an tsinkayi alamar, abubuwa suna biyo juna da sauri. Cikin daƙiƙoƙi kalsiyam yake kwarara zuwa cikin ƙwayar, cikin 'yan mintoci kuma ƙwayar ta fesa sinadarai masu ƙuna a wurin da aka taɓa, waɗanda ke cutar da maƙiyin suna kuma ƙara ɗaure bangon. Ƙananan ƙofofin numfashi da ke jikin ganye suna tsukewa don hana bakteriya shiga. Kafin awa ɗaya ta cika, ɗaruruwan ƙwayoyin gado da ke kwance sun tashi aiki, sannan cikin awanni a liƙe daidai wurin da ake hudawa da wani abu mai suna kalos, a ƙara lignin, a haɗa gubar da ke kashe fumfuna. Kana iya ganin ɗaya daga cikin waɗannan da idonka: jan launin da ke fitowa a kewayen tabon cuta a ganyen dawa, a cikinsa akwai sinadaran da dawar ta haɗa ta tara a wurin domin tsayar da fumfunar. Wani lokaci ma ƙwayoyin da ke kewaye da wurin suna mutuwa da gangan, su bar wa cutar busasshen wuri wanda ba za ta samu abinci a cikinsa ba.

Saƙon kuma ba ya tsayawa a ganyen da aka taɓa. A 1961 Frank Ross na Jami'ar Konel ya sa wa ganyen ƙasa na taba wata cutar bairos, bayan kwanaki ya sa wa ganyen sama, sai ya tarar na saman sun fi juriya fiye da na tabar da ba a taɓa ba. A 1972 Ryan da abokin aikinsa suka nuna cewa cizon ƙwaro a ganye ɗaya na tumatir yana sa sauran ganyen su shirya. A 2018 an ɗauki hoton tafiyar saƙon kalsiyam daga ganyen da aka ciza zuwa sauran, yana tafiya kimanin milimita 1 a daƙiƙa. Manyan sinadarai biyu ne ke jagorantar wannan shiri. Salisilik, wanda ɗan uwan asfirin ne, shi ke kula da cututtukan da ke tsotsar ƙwaya tana raye, irin su farar hodar da ke rufe ganyen kuɓewa da kabewa da rani. Jasmonik kuma shi ke kula da tsutsotsi da cututtukan da ke kashe nama kafin su ci. Sau da yawa idan ɗaya ya yi sama ɗayan yana yin ƙasa, saboda haka ruwan da ya tayar da ɓangare ɗaya ba lalle ne ya taimaka a ɗaya ɓangaren ba.

Za ka ce, idan shuka tana da wannan shiri duka, me ya sa gona ke ƙonewa? Dalili na farko shi ne cututtukan da suka shahara a kan wata shuka su ne waɗanda suka samu dabarar kauce wa tsaronta. Fumfunar shinkafar da na ambata tana fitar da wani furotin mai suna Slp1 wanda ke tsince gutsattsarin kaitin ɗinta kafin su isa ga mai tsinkaya, sai shinkafar ta makara. Dalili na biyu shi ne garkuwa tana da tsada a wurin shuka. Abincin da za ta kashe wajen haɗa lignin da guba shi ne dai wanda za ta kashe wajen fure da 'ya'ya. Masanan Rum sun ƙirƙiri shukar da ke samar da gutsattsarin fektin da kanta. Da aka bar abin kaɗan sai ta fi jure cuta, da aka ƙara shi sai ta tsumbure, idan ya yi yawa ma ta mutu. An kuma ga alkamar da aka fesa wa mai tayar da garkuwa alhali babu cuta ta rage girma da yawan ƙwaya, musamman inda taki ya yi ƙaranci. Saboda haka ita kanta shukar tana da sinadaran da ke kashe ƙarfin gutsattsarin bayan sun isar da saƙo. Manomin da ya ninka ma'auni yana ganin zai ninka kariya, ribarsa yake ragewa.

Yanzu mu zo kan kwalbar. Bayanin da mai maganin ya yi ya dace da kaitosan, wanda ake samu ta hanyar dafa kaitin na ɓawon jatan lande ko ƙaguwa a cikin sinadari mai ƙarfi har yanayinsa ya sauya ya zama mai narkewa a ruwa mai ɗan tsami. Abu ne sananne, Tarayyar Turai ta amince da amfani da shi a gona a 2014, kuma ban da tayar da garkuwa yana ɗan hana wasu fumfuna tsiro kai tsaye. Yana da 'yan uwa a kasuwannin duniya. Akwai laminarin da ake tatsowa daga ciyawar teku a Faransa. Akwai wanda aka haɗa a Beljiyam daga gutsattsarin kaitosan da na fektin, aka amince da shi a Turai a 2015, ana amfani da shi a kan farar hoda a kokwamba da danginta. Manoman shinkafa a Japan suna amfani da wani mai suna probenazole tun tsakiyar shekarun 1970 domin wannan cuta ta ƙunar ganye, kuma abin da ya fi jan hankali shi ne an shafe shekaru ana amfani da shi ba a ga cutar ta saba da shi yadda take sabawa da magungunan kisa ba, domin ba ita yake bugu kai tsaye ba. A Indiya kuma masana a Jami'ar Maisur sun nuna cewa jiƙa irin gero da kaitosan kafin shuka yana rage kuturtar gero, abin da ya kamata a gwada sosai a gonakinmu na Jigawa da arewacin Kano.

Amma ga iyakar abin. Waɗannan ruwaye riga-kafi ne, ba su warkar da ganyen da ya riga ya kamu. Dole a fesa su kwanaki kafin cuta ta sauka, a kuma maimaita bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Kariyarsu ba cikakkiya ba ce, kuma ba ta zama ɗaya daga gona zuwa gona. Wani bita da masana a Sikotilan suka wallafa a 2013 ya nuna cewa raguwar cuta tana kamawa daga kashi 20 zuwa 85 cikin 100, gwargwadon irin shukar da yanayi da lafiyar ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ita ce tazarar da ke tsakanin riba da karyewar jari. Zafi ma yana da tasiri. A 2022 masana a Jami'ar Duke ta Amurka sun nuna cewa a wata 'yar shukar gwaji, hawan zafi daga maki 23 zuwa 28 na ma'aunin Salshiyas kawai ya isa ya rage haɗa salisilik sosai. Amfanin gonarmu ya fi waccan shuka sabawa da zafi nesa ba kusa ba, amma wanda ya san yadda rana take a Kadawa a watan Maris da Afrilu ba zai ɗauki sakamakon gwajin Turai ya ɗora a kan kwaminsa ba tare da ya gwada ba. Sannan kada kowa ya yi tsammanin wannan ruwa zai tsayar da sharon, tsutsar da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016. Ita tana shiga tsakiyar ganye ne ta yi rami tana ci, tana hayayyafa da sauri, kuma abin da ke rage ta shi ne tsabtar wurin reno, tarkon kama mazan, kwashe ragowar tsohon tumatir a ƙone, da sauya nau'in maganin kisa don kada ta saba da ɗaya. Cutar naɗewar ganye da farin ƙuda ke yaɗawa ita ma sai an tare ƙudan tun daga reno. Haka nan niƙa ɓawon jatan lande a jiƙa a gida ba zai ba da kaitosan ba, kuma narkar da asfirin a fesa, kodayake tun 1979 aka nuna yana tayar da garkuwar taba a ɗakin bincike a Ingila, yana iya ƙona ganye idan ma'aunin ya kauce.

A ganina, babban amfanin wannan ilimi ga manomanka ba a cikin kwalba yake ba, yana cikin abubuwan da suke yi kullum waɗanda ke ƙarfafa bangon ko su raunana shi. Iri shi ne kan gaba, domin yawan masu tsinkaya da saurin amsawa gado ne. Waken SAMPEA 10 da SAMPEA 14 da SAMPEA 15, waɗanda suka fito daga aikin IITA, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken noman ƙasashe masu zafi, tare da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, suna jure ƙuduji, kuma a wake mai irin wannan juriya saiwar tana gane shi ta kashe wurin da ya kama kafin ya kai ga jijiya. Geron SOSAT ya fi geron gargajiya da yawa jure kuturta. Kuɗin da aka sa a iri mai kyau yana aiki tun daga shuka har girbi ba tare da an goya injin feshi ba.

Sai taki. Na san yadda manomin shinkafa yake jin daɗi idan ya watsa yuriya ya ga gona ta yi shar har tana baƙi-baƙi, amma wannan ganye mai laushi da ya fito da gaggawa bangonsa bai yi ƙwari ba, kuma an daɗe da tabbatar da cewa yawan naitirojin yana ƙara wa shinkafa kamuwa da ƙunar ganye. A raba yuriyar kashi biyu ko uku, a kuma tabbata kamfa da takin gida sun riga ta shiga ƙasa. Shinkafa kuma tana da wata buƙata da ba a cika zancenta ba, wato silika, wadda take zuƙa daga ƙasa ta jera ta a ƙarƙashin fatar ganye, har takan kai kashi 10 cikin 100 na busasshen nauyin shukar. Kaifin da ke yankar hannu a ganyen shinkafa daga nan yake. Japan tana ba shinkafa takin silika tun shekarun 1950. Mu kuwa kowace shekara muna kwashe ta daga gona a cikin ɓuntu da bambaro, ɓuntun ya taru a wurin injinan casa na Kura a ƙone shi ko a sayar, alhali tokarsa mafi yawanta silika ce. Mayar da ɓuntun da aka babbake cikin gona, musamman a wurin reno, hanya ce mai araha ta mayar wa ƙasa abin da aka ɗebe.

Ban ruwa ma ya shiga maganar. Kalsiyam shi ne ke ɗaure sarƙoƙin fektin da juna su yi ƙarfi, kuma ruwa ne ke ɗauke shi daga saiwa zuwa 'ya'yan. Idan aka bar kwami ya bushe har ƙasa ta tsage sannan aka cika shi taf, kalsiyam ba ya isa gindin tumatirin da ke girma, sai wurin ya yi baƙi ya lotsa. Manomi ya ga haka ya ɗauka cuta ce ya sayo magani, alhali babu wata ƙwayar cuta da ta fara shi. Bangon ne ya rushe don rashin abin ɗauri, fumfuna kuma ta biyo baya. Daidaita kwanakin ban ruwa shi ne maganinsa. Haka rauni: fartanyar da ta sari saiwa, tsinkar tumatir da raɓa a jikinsa, cusa shi a kwando mai kaifin baki, yanke wuyan albasa tun bai bushe ba, kowanne ƙofa ce da aka buɗe wa cutar da da kanta ba za ta iya shiga ba.

Duk da iyakokin da na lissafa, ina so a gwada irin wannan ruwa a wurinmu da gaske, domin halin da muke ciki da maganin kisa ba mai ɗorewa ba ne. Ƙwari suna sabawa da shi, farashinsa yana hawa, yaran da ke feshi ba takalmi ba abin rufe hanci suna shaƙarsa, kuma ragowarsa tana bin abinci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari a jikinsa. Idan mai tayar da garkuwa ya sa an rage feshin maganin fumfuna ko da kashi ɗaya cikin uku ne ba tare da amfanin ya ragu ba, wannan ci gaba ne babba ga aljihu da lafiya. Irin wannan gwaji a kan irinmu da zafinmu aiki ne da ya dace da Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwan Sama ta Jami'ar Bayero da masanan Samaru, kuma shugabannin manoma irinka suna da bakin da za su nemi a yi shi.

Kafin nan, ga abin da za ku yi da kwalbar da ke gabanku. A duba ko tana da lambar rajistar NAFDAC, da sunan sinadarin da ke ciki da yawansa, da ranar ƙarewar aiki, da ma'aunin da za a zuba a injin feshi. Wadda ba ta da waɗannan a mayar wa mai ita. Idan ta cika sharuɗɗan, kada kowa ya fesa wa gonarsa duka. A zaɓi manoma uku ko huɗu masu riƙon amana, kowanne ya ware kwami shida masu iri ɗaya da ranar dashe ɗaya da taki ɗaya. Biyu a yi musu feshin da aka saba, biyu a ba su sabon ruwan tare da rabin yawan feshin maganin fumfuna, biyu kuma sabon ruwan kaɗai, amma maganin tsutsa ya zama ɗaya a duka shidan, kuma a cakuɗa su kada kashi ɗaya ya taru a bakin hanyar ruwa. A fara tun kafin a ga tabo, a yi feshin da sassafe bayan raɓa ta ɗauke ko da yamma idan rana ta yi sanyi, kuma kada a fesa wa shukar da ƙishirwa ta kama. A rubuta ranar kowane feshi da kuɗinsa, da ranar da tabo ya fara bayyana a kowane kwami, sannan a auna abin da aka tsinka daga kowanne daban tun daga tsinkar farko har ta ƙarshe, domin koren ganye yana iya ruɗar ido alhali kwandon bai ƙaru ba. A gayyaci malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, ya ga kwamin tun ranar da aka ware su, ya kuma riƙe kwafin rubutun, ta yadda idan aka maimaita gwajin da rani mai zuwa za a iya haɗa sakamakon shekara biyun kafin ka ce wa mutanenka su saya ko su bari.